Wadda Ta Riƙe Mini Haske

Wata Asabar ce da la'asar, a daminar da nake aji huɗu na firamare, can tsakiyar shekarun saba'in. An yi ruwa da hantsi an ɗauke, rana ta fito tas, gidanmu na Tudun Wadan Kaduna yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina zaune a kan kujera 'yar tsuguno a gindin gwabar da ke farfajiya, tsakanin zaure da cikin gida, an ɗaura mini ɗankwalin Inna wanda ya fi ƙarfin kaina, an ce kada in motsa. A gabana maza uku sun sunkuya a kan kyamara guda suna gardama, kowa na son ya leƙa. A gefe kuma Talatu, 'yar Gwaggona, na tsaye ba takalmi, ta ɗaga babban tiren silban Inna da hannu biyu, tana tarar rana da shi tana watso mini a fuska. "Ɗan karkata shi, Talatu," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba. Ta karkata. Hasken ya sauka a idona har na daina ganin kowa, sai muryoyi kawai nake ji, da ƙarar ƙyas ɗin nan ta kyamara. Idan ban manta ba, ranar ce aka ɗauki hoton da har yanzu yake rataye a falona, wanda baƙi ke tsayawa su ce ashe na yi kyau da ƙuruciya.

Babanmu, Malam Isa, akawu ne a ma'aikatar gwamnati. Ba mai hoto ba ne na sana'a, bai taɓa karɓar ko sisi a kai ba, sha'awa ce kawai ta kama shi a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka. Wasu sun sayi babur, wasu rediyo mai faifai, shi ya shigo da kyamara a cikin jakar fata yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Ya kwashe buhunan da ke sito ya mayar da shi ɗakin wanke hoto, ya toshe tagar da tsohon bargo, ya sa jan ƙwan lantarki, ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango yana shanya hotuna da maƙalan shanyar Inna, har Inna ta gaji da nemansu ta sayi wasu. Abokan wannan sha'awa biyu ne. Akwai Baba Sule, ma'aikacin jirgin ƙasa, siriri mai yawan ba'a, wanda ya fi kowa ido a kan hoto. Akwai kuma Baba Alhaji, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa, wanda duk sabon abin da ya shigo gari shi ke fara saye, ko da bai gama sanin yadda ake aiki da shi ba. Kowace Asabar bayan azahar sukan haɗu a zaurenmu, a shimfiɗa tabarma, kowa ya zaro ambulan ɗin abin da ya ɗauka a makon. Hoto na yawo daga hannu zuwa hannu, ana riƙe shi ta gefe-gefe don kada yatsa ya ɓata shi. Nan za a ga gadar kogi da safe, da masu dako a kasuwa, da kan jirgi yana fitar da hayaƙi. "Wannan ya ƙone," Baba Sule zai ce, ko kuma, "Alhaji, doki ka ɗauka ko inuwar doki?" Su yi ta dariya. Idan rana ta ɗan yi sanyi sai a fito farfajiya a gwada sabon abin da aka kawo, wani lokaci gilashin kyamara mai jawo nesa, wani lokaci sanda mai ƙafa uku, wani lokaci 'yar na'urar auna haske mai allura tana rawa. Gwaji kuwa yana bukatar fuska, kuma fuskar da ake kira tawa ce.

Talatu 'yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba da ke aure a ƙauyenmu can bayan Zariya. An kawo ta riƙo gidanmu don ta yi makaranta, ta ɗan girme ni, amma aji ɗaya aka sa mu. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Tare muke bin layin famfo da asuba, tare muke kai niƙa inji, mu dawo kanmu fari fat da gari muna yi wa juna dariya. Ranar da babu makaranta mukan bi Baba gonarsa ta wajen Kinkinau, lokacin wurin gonaki ne da gidaje tsilla-tsilla, mu tsinke ciyawa a gindin masara, mu ɗebo lalo da rama, mu ci ɗinya har harshenmu ya yi baƙi. A makaranta ita ce gwanar carafke, duwatsunta santala-santala tana ɗaure da su a bakin zane, ba wadda ke cinye ta. In an shiga gaɗa ita ke ba da waƙa. Da yake mu taubasai ne, tsokana halal ce a tsakaninmu. Ni 'yar namiji, ita 'yar mace, don haka a al'adar gidanmu ni ce uwar ɗaki. Nakan ce mata, "Baiwata, ɗauko mini ruwa." Ita kuma ta ce, "Uwar ɗakin da ba ta iya hura wuta ba." Wasa ne, kowa ya san wasa ne, manya ma dariya suke yi. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka an wulaƙanta ta a gidanmu. A iya sanina, abin da aka ɗinka mini shi aka ɗinka mata, kuma Inna ta fi dukana a kan ta.

Bambancinmu ɗaya ne, kuma kyamara ce ta fito da shi. Ni fara ce, na ɗauko Inna. Talatu baƙa ce sosai, irin baƙin nan mai sheƙi. Da farko tare ake jera mu, amma duk hoton da aka wanke sai a ga fuskata ta fito tar, tata kuwa ta zama duhu, sai farin ido da farar rigar makaranta. Idan aka buɗe wa kyamara haske don ita, ni sai in ƙone, in zama kamar an shafa mini alli. Mazan nan sun yi ta gwadawa na ɗan lokaci, ina jin sun yi, sannan suka haƙura. "Wannan yarinya ba ta fitowa," in ji Baba Sule, yana girgiza kai, da irin muryar da ake cewa gona ba ta yin dawa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Maganar dai ta zauna, har ita Talatun ta riƙa faɗa wa 'yan ajinmu, "Ni ba na fitowa a hoto." Da na yi girma na karanta a wani wuri cewa fina-finan wancan zamani ba da irin fatarmu aka auna su ba. Ban san iya gaskiyar wannan ba, kuma ba fannina ba ne. Abin da na sani shi ne, wata rana Baba ya karanta a littafinsa na hoto cewa ana iya tura haske a fuska da wani abu mai ƙyalli, sai aka aro tiren Inna, aka duba wa zai riƙe, Talatu na tsaye. Tun daga ranar ya zama aikinta. Kafin baƙi su zo takan goge tiren da toka da soso har ya riƙa ɗaukar ido. Ni kuwa a lokacin ina ciki ana yi mini kwalli.

Dole in faɗi gaskiya, daɗin abin nake ji. Yarinya ce ni, manyan maza uku suna cewa in juyo, in ɗaga haɓa, in yi murmushi, mako na zagayowa kuma in leƙa ta ƙofar zaure in ji ana yaba fuskata. Ban taɓa tambayar kaina ko tiren na da nauyi ba.

A farkon wannan damina ne saƙon Gwaggo ya iso, ta bakin wani ɗan garinmu da ke kawo hatsi Babbar Kasuwa. Bayan gaisuwa da ƙullin daddawa, ya ce Gwaggo ta ce ta ji labarin Yaya ya zama mai ɗaukar hoto, don Allah a aiko mata da hotunan yaran gidan ta gani, domin idonta ya fara yi mata hazo. Talatu na bayan ƙofa ta ji. Tun da aka kawo ta ba a mayar da ita ganin gida ba, saboda an ce yaron riƙo in ana yawan kai shi ba ya zama. Baba ya ji daɗin saƙon ƙwarai. Ranar Asabar ya zube duk hotunan da yake da su a tabarma, ya ce abokansa su taya shi zaɓe, domin ba zai aika wa ƙanwarsa abin da bai fito ba, a ce a ƙauye aikinsa ke nan. Suka zauna suka tace da gaske, kamar masu alƙalanci. Wanda ya yi duhu a ture gefe, wanda ya girgiza a ture gefe. Da aka gama, abin da ya rage ni ce a gindin gwaba, ni ce da ɗankwalin Inna, ni ce ina riƙe da 'yar tsana. Aka sa a ambulan, aka aike mu ni da Talatu mu kai wa mai hatsi kafin motarsu ta tashi. A hanya, wajen masu sayar da rake, ta ce in ba ta ta gani. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar, ta lashe bakin ambulan ɗin ta manne. Na tuna dai ranar ba ta tsokane ni ba har muka dawo.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni. Mai hatsi ya ce Gwaggo ta ga hotuna, ta ce ni Rakiya na girma, Allah ya yi albarka. Iyakar saƙon ke nan. Baba ya shigo yana murna ya faɗa wa Inna, yana cin tuwo muna gefe muna tsince shinkafa. Inna ba mai yawan magana ba ce a gabansa. Amma ranar ta ce a hankali, "Malam, 'yar fari ce fa." Baba ya tsaya da loma a hannu. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan magana. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta ko ɗaga ido ta kalle shi sosai a gaban mutane. Kunya ce, kuma ana ganin girman mace a kanta. Gwaggo ba za ta taɓa iya buɗe baki ta ce a aiko mata da hoton Talatu ba. Iyakar abin da al'ada ta bar mata shi ne ta ce yaran gidan, ta bar wa mai hankali ya gane. Da kuma aka kai mata ambulan babu 'yarta a ciki, ba ta da bakin cewa ba wannan ta nema ba. Baba ya fi kowa sanin haka, don shi kansa bai taɓa kiran sunan yayana da ke makarantar kwana ba, sai dai ya ce yaron nan. Amma a ranar zaɓen hotuna, ina jin, tunaninsa na kan haske da duhu. Ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya fita zaure. Talatu ta ci gaba da tsintar shinkafa kanta a ƙasa.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka juya mu. Baba ya ce yau Talatu za ta zauna, ita kaɗai, a auna hasken da fuskarta, ni kuma in riƙe tire. Ya riga ya sa fim ɗinsa na baƙi da fari, wanda da an ɗauka zai wanke a sito, kafin mai hatsi ya sake zuwa hoto ya bushe. Sai ga Baba Alhaji ya shigo da sabuwar kyamara, a cikinta fim mai launi, abin da dukansu ba su taɓa gwadawa ba. Da ya ji labarin sai ya ce ai wannan baiwar Allah ta cancanci a faranta mata rai da abin da ba a taɓa kaiwa ƙauyen ba, a yi mata mai launi, ta ga atamfar 'yarta ja da kore. Baba Sule ya goyi baya, yana cewa ai dama suna neman abin gwaji. Baba ya ɗan yi jim, na ga ya yi, amma idonsa na kan sabuwar kyamarar. Ba na shakkar cewa alheri suka nufa, dukansu uku. Aka zaunar da Talatu a kujerata, Inna ta ɗaura mata ɗankwali, ta sa mata kwalli. Na ɗaga tiren. Kafin su gama gardamar inda za a murɗa, kafaɗuna sun fara zogi, ƙarfen ya ɗauki zafi, hasken na yawo a bango da ganyen gwaba, ko'ina ban da fuskarta. Ta dube ni tana danne dariya, ta ce, "Uwar ɗakina, kin ji yadda yake? Sauke gwiwar hannunki ki tokare a ciki." Na tokare. Hasken ya tsaya. Aka ɗauka.

Abin da mu yara ba mu sani ba, manyan kuma ba su auna ba, shi ne fim mai launi ba a wanke shi a sito. Sai an aika da shi nesa, ta gidan waya, a jira. Kafin a aika kuma sai an cinye shi duka, Baba Alhaji kuwa lallaɓa shi yake yi kamar turare. Ba zai ƙona shi a kan kowane abu ba. Ya ɗauki sabon shagonsa, ya ajiye saura don sunan ɗansa, ya ajiye wani don ranar da motarsa za ta iso. Kowace Asabar Talatu takan goge tire, ta matso kusa da ni ta ce, "Ki tambayi Kawu." Ita ba za ta iya tambaya ba, ita ma kunyar ta shafe ta, ba a ganin 'yar fari tana zumuɗin uwa. Nakan tambaya, wani lokaci. Baba ya ce an kusa. Wani lokaci kuma ina mantawa, don an riga an kira ni in zauna, an kawo wata fitilar kyamara mai walƙiya ana son a gwada. Na koma kujerata, ta koma tirenta, kamar ba a taɓa juya mu ba. Abin da har yau na kasa ganewa shi ne yadda a duk tsawon lokacin ba wanda ya ce a sake ɗaukarta da baƙi da fari a aika kafin wancan ya zo. Kyamarar Baba na rataye a wuyansa, tana gabansa kullum. Wataƙila a ransu an riga an yi, magana ta ƙare. Mai hatsi ya zo ya koma, ya zo ya koma, da gaisuwa da ƙullin kuka, ba a taɓa ambatar hoto a saƙon ba. Aka karya masara a gonar Kinkinau, aka tone gyaɗa, muka canza aji. Sai da mangwaro ya nuna sannan ambulan mai tambarin gidan waya ya iso.

Hoton ya yi kyau. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba a cikin duk abin da mazan nan suka ɗauka. Ga Talatu zaune, fatarta na sheƙi kamar an shafa man shanu, jan ɗankwali, koren ganye a bayanta, bakinta a ɗan buɗe da ragowar dariyar da take yi mini. Ya zaga zaure hannu zuwa hannu, ya sake zagawa. Baba Alhaji na yabon fim, Baba na yabon gilashin kyamara. Baba Sule ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe tana fitowa."

Baba ya ce wannan ba na aike ba ne, da kansa zai kai, kuma da mu za a je tunda an yi hutu. Muka shiga motar kasuwa, Talatu na rungume da ambulan ɗin a cikin littafin karatunta. Da muka isa, wata yarinya ce ta riƙo hannun Gwaggo ta fito da ita daga ɗaki. Idanun Gwaggo biyu sun yi fari-fari. Talatu ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta, Gwaggo ta amsa a gajarce, ta kawar da kai, yadda ya kamata. Ni kuwa ta jawo ni jikinta, ta shafa kaina, tana kirana da sunaye. Baba ya miƙa mata hoton yana bayanin launi da nisan inda aka wanke shi, muryarsa na raguwa yana magana. Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda rana take, ta kai shi dab da fuskarta, ta nesanta shi, ta sake kawowa. Ta ce, "Madalla, Yaya. An gode." Ta soke shi a zane. Sai a wannan lokaci, ina jin, na fara hango abin da hoton yake nufi a wurinta. 'Yarta na durƙushe a gabanta amma ba ta da ikon kallonta. Hoto ne kaɗai za ta iya shiga ɗaki da shi, ta saki labule, ta kalla iya son ranta ba mai ganinta. Da ya zo a farkon damina, lokacin da idonta hazo kawai yake yi, da ta samu wannan.

Da yamma, maza sun fita masallaci, Talatu na tsakar gida tana taya matan gidan daka, Gwaggo ta kira ni ɗaki ta ce in saki labule. Ta zaro hoton ta sa mini a hannu. "Rakiya, ke mai ido, faɗa mini abin da ke ciki." Na fara da ɗankwali da atamfa da gwaba. Ta ce ba su ba. Sai na dubi fuskar, kuma abin kunya, kamar ranar na fara ganinta. Shekaru muna kwana tabarma ɗaya, amma duk Asabar ɗin da ta tsaya a gabana hasken tire ne a idona, ba na ganin wadda ke bayansa, sauran ranaku kuma ban taɓa tsayawa na duba ba. Na ce tana da dogon wuya. Na ce girarta a haɗe take. Na ce akwai ɗan tabo a gefen goshinta. Gwaggo ta ce, "Murhu ne, tana rarrafe." Sannan ta ce, "Wushiryar tana nan?" Na ce tana nan, ta fito sosai don dariya take yi. Ta ce, "Dariya take yi?" Na ce e. Ta ce in sake faɗa daga farko, a hankali. Na sake. A waje ana jin taɓaryar Talatu tana sauka a turmi. Ba a kira sunanta ba ko sau ɗaya a ɗakin nan.

Gwaggo ta rayu shekaru bayan haka, ba ta ƙara gani ba. Baba bai bar ɗaukar hoto ba, amma ban sake ganin ya zube hotunan gida a gaban abokansa don a tace ba, kuma tiren ya koma kicin. Bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu. Na sha auna abin a raina, in raba wa kowa nasa, in ga ba wanda ya yi niyyar cuta, ni kuma yarinya ce da aka ce ta zauna ta zauna. Duk da haka bai sauka daga ƙirjina ba. Talatu na nan a Rigasa da jikokinta, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Na taɓa ɗauko mata zancen, da kame-kame irin nawa, sai ta yi dariya har wushiryar ta fito, ta ce, "Ke dai uwar ɗakina, kin cika sa wa kanki abu. Ai kin faɗa mata ina dariya, ko ba ki faɗa ba?" Na ce na faɗa. Ta ce to shi ke nan. Ban tabbata shi ke nan ɗin ba ne, amma ba ni da hurumin yi mata gardama.

Yanzu jikokinmu na ɗaukar hoto da waya, baƙar fuska da fara duk suna fitowa, kafin ka ƙifta ido ya isa ƙauye. Ba mai jiran a cinye fim, ba mai goge tire da toka, uwayen yanzu ma suna kiran 'ya'yansu na fari da suna a gaban kowa, su rungume su. Ina ganin hakan ya fi sauƙi, ko da yake nakan yi kewar zauren nan da dariyar mazan da duk sun riga mu gidan gaskiya. Kwanan baya na sauke hoton falona don in goge ƙura, na sa tabarau na duba shi da kyau. A cikin kowane idona akwai ɗan farin ɗigo, ƙarami kamar ƙwayar gero. Na ɗauko sauran hotunan ƙuruciyata, duk yana nan. Tiren ne. Ashe tana cikin kowane ɗaya, ni ce ban duba ba.